Yadda Ake Gwada Tsiron Magani a Kan Ƙwayoyin Kansa a Lab, Daga Daji Har Lissafin IC50

Tambayar nan ta yi yawa, ɗaliban mastas da na digiri na uku ne suka fi turo ta, wai an ba su bincike a kan sabara ko gwandar daji ko ararraɓi su duba ko yana kashe kansa amma ba su san ta ina za su kama ba. Akwai kuma masu maganin gargajiya da ke son a gwada musu haɗinsu. To ga tsarin nan daki-daki yadda ake yi. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, kashe ƙwayar kansa a cikin faranti ba wani abin a zo a gani ba ne, ruwan haifo ɗin wanki ma yana kashe ta tas. Aikin shi ne ka nuna cewa tsironka ne ya kashe ta ba wani abu daban ba, kuma ya bar lafiyayyar ƙwaya da ranta. Rabin matakan da ke ƙasa saboda wannan aka yi su.

1. Nemo lab da kuɗi kafin ka tsinki ganye

Da yawa suna fara jiƙa ganye sannan su fara yawon neman inda ake renon ƙwayoyi, wannan baibai ne. Ba kowane sashe na jami'a ke da ɗakin renon ƙwaya ba, ka fara zuwa ka gani da idonka: akwai inkubeta mai iskar CO2? Akwai kabad ɗin aiki mai tace iska? Akwai madubin da ake leƙa ƙwaya ta ƙasan kwalba, da injin karanta faranti mai ramuka 96, da sentirifuj, da firiza, da tulun ruwan naitirojin? Sannan tambayar da ta fi duka, in an ɗauke wuta me ke riƙe inkubeta, inbata da sola ne ko janareto, kuma wa ke sayen mai ranar Asabar da Lahadi.

Wajen kuɗi, tattara tsiro da jiƙa shi ba shi da tsada, galan ɗin metanol da takardar tacewa ne kawai. Inda aljihu ke kuka shi ne FBS, ruwan jinin ɗan tayin saniya da ake zubawa a abincin ƙwaya, kwalba ɗaya ta 500 mL ɗaruruwan daloli ce, haka ƙwayar kanta in daga ATCC, ma'ajiyar ƙwayoyin bincike ta Amurka, za ka saya ƙaramar kwalba ɗaya ɗaruruwan daloli ce ban da kuɗin kawowa cikin busasshiyar ƙanƙara. Sai faranti da filas da tsinken fifet waɗanda sau ɗaya ake amfani da su a yar, sai kuɗin benci da lab za ta caje ka. Komai da dala ake lissafa shi, don haka ka karɓi sabon farashi a rubuce kafin ka kai wa TETFund ko wanda zai ɗauki nauyinka kasafi. Dabara ita ce ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba kwalbar FBS ɗaya.

2. Ɗebo tsiron da tantance shi

In daga bakin mai magani ka samo labarin tsiron, zauna ka tambaye shi sosai: ganye yake amfani da shi ko sassaƙe ko saiwa, dafawa yake ko jiƙawa, yana sa jar kanwa ko a'a, wane lokaci na shekara yake ɗebowa. Rubuta rana da gari da wurin da ka ɗebo. Ka yanko reshe guda mai ganye da fure ko 'ya'ya ka danne shi cikin jarida ka kai ɗakin adana tsirrai, akwai a ABU Zariya, akwai a BUK, akwai a NIPRD da ke Idu a Abuja, su za su faɗa maka sunansa na kimiyya su ba ka lambar shaida.

Gargaɗi: kar ka sayi garin magani a kasuwa ka ce da shi za ka yi bincike. Ba ka san abin da aka haɗa a ciki ba, kuma suna ɗaya na Hausa yana iya zama tsiro daban a wani gari. Ba lambar shaida, mujallar kirki ba za ta karɓi aikin ba.

3. Shanya da daka

A inuwa ake shanyawa, ɗaki mai iska, kana juyawa kullum, ganye sati ɗaya zuwa biyu ya isa amma sassaƙe da saiwa sai ka sassara su ƙanana kuma sun fi daɗewa. Rana tana lalata wasu sinadaran. Da damina ka kula da fumfuna, duk wanda ya yi fumfuna zubar da shi kawai don ita kanta tana fitar da guba da za ta kashe ƙwayarka ka zaci tsiron ne. Da hunturu kuma a rufe da yadi mara kauri saboda ƙura. In ya bushe yana karyewa ƙaras sai a daka a turmi mai tsabta ko bilenda ta lab a tankaɗe.

Gargaɗi: ban da injin niƙan unguwa. Ragowar barkono da masara da citta duk suna maƙale a cikinsa.

4. Tatso sinadarin

Hanya mafi sauƙi ita ce jiƙo. Auna garin, a ce 500 g, zuba a babbar kwalba mai murfi, zuba metanol ko etanol na kashi 70 zuwa 80 har ya shanye garin ya hau sama sosai, rufe, kana girgizawa lokaci-lokaci har awa 72. Tace da farin yadi tukuna sannan da takardar Whatman lamba 1, tukar da ta rage ka sake jiƙa ta sau ɗaya ko biyu ka haɗa ruwan. Daga nan sai injin rotari mai ƙafar da ruwa a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba, har ruwan ya tafi ya bar wani abu mai danƙo, baƙi-baƙi ko kore shar, shi ne ekstirak ɗinka. Auna shi ka lissafa, in 500 g ya ba ka 40 g to kashi 8 ka samu. Zuba a kwalba mai duhu, rubuta suna da rana, sa a firiji.

In mai maganin dafawa yake da ruwa to ka yi na ruwa ma, don a gwada abin da mutane ke sha da gaske. Shi na ruwa ya fi son injin busarwa na sanyi, in ka bar shi kwana da kwanaki yana bushewa a fili zai lalace. Soxhlet, wata na'urar tatso sinadari da zafi, yana da sauri da tattalin ruwa, sai dai awanni yake yi yana tafasa abin, ni ban cika son sa a zagayen farko ba tunda ba ka san ko sinadarin da kake nema yana jure zafi ba.

Gargaɗi: metanol guba ne, yana makantarwa, kar a shaƙa kar a ɗanɗana. Sannan ka tabbata ya fice gaba ɗaya daga ekstirak ɗin, in da saura shi zai kashe ƙwayar.

5. Gwajin share fage da 'ya'yan jatan lande

Wannan ba dole ba ne amma yana ceton kuɗi in tsirranka sun kai biyar ko goma. Ana sayen ƙwan Artemia, wato ƙananan jatan landen ruwan gishiri, irin wanda masu kiwon kifi ke ƙyanƙyasa wa ƙananan kifi, a narka gishirin teku 38 g a lita ɗaya ta ruwa, a zuba ƙwan a kunna fitila a kai, cikin awa 24 zuwa 48 za ka ga 'yan mitsi-mitsin abubuwa suna iyo suna bin haske. Ɗauki goma-goma ka sa a ƙananan kwalabe masu ekstirak a ƙarfin 10 da 100 da 1000 µg/mL, kowanne sau uku, da kwalbar da ba komai sai ruwan gishiri, bayan awa 24 ka ƙirga matattu. Wanda ya kashe rabi a ƙasa da 1000 µg/mL ana ɗaukar yana da wani abu a ciki.

Gargaɗi: wannan gwajin guba ne kawai. Kar ka yi shi kaɗai ka rubuta a kan kundinka cewa ka gwada maganin kansa, masu jarrabawa za su yi kaca-kaca da kai kuma da gaskiyarsu.

6. Zaɓen ƙwaya da renonta

Zaɓi daidai da kansar da ake cewa tsiron yana yi wa magani. MCF-7 da MDA-MB-231 na mama ne, HeLa na bakin mahaifa, HepG2 na hanta, PC-3 na furostet wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, A549 na huhu, HT-29 na hanji. Sannan dole, ina nufin dole, ka haɗa da lafiyayyar ƙwaya guda, ko Vero ta ƙodar biri ko MRC-5 ta huhun mutum ko MCF-10A in a kan mama kake aiki. Nan ne ɗalibai ke cewa kuɗi ya ƙare su tsallake, alhali gara ka rage ƙwayar kansa ɗaya ka sa wannan.

Abincinsu DMEM ne ko RPMI-1640 gwargwadon ƙwayar, da FBS kashi 10 da fenisilin-sitireftomaisin kashi 1, inkubeta a digiri 37 da CO2 kashi 5 da tiren ruwa a ƙasa. In ka ciro kwalbar daga naitirojin narkar da ita da sauri a ruwan ɗumi na digiri 37, minti ɗaya zuwa biyu, ka juye a abinci. Kullum ka leƙa su, in sun rufe kashi 70 zuwa 80 na ƙasan filas sai ka wanke da PBS, wato ruwan gishirin wanke ƙwaya, ka ɗaga su da tirifsin, sinadarin da ke sa su saki ƙasan filas, ka raba. Bari a raba su haka sau biyu ko uku su warware kafin ka fara gwaji, kuma tun a nan ka daskarar da wasu ka ajiye don ranar da tsautsayi zai faɗa.

Gargaɗi: in ka zo da safe ka ga ruwan ya koma rawaya ya yi gurɓi, bakteriya ce ta shiga, zuba haifo ka yar, kar ka tsaya lallaɓa shi da ƙarin maganin rigakafi. Maikoplasma kuma, wata ƙaramar bakteriya, ba a ganinta da ido ko a madubi, sai an yi gwaji irin na PCR mai gano ta ta kwayoyin gadonta, in a hannun wani ka karɓo ƙwayar ka tambayi yaushe aka gwada ta. Kar ka buɗe ƙwaya iri biyu a kabad lokaci guda, HeLa musamman in ta shiga cikin wata sai ta mamaye ta.

7. Haɗa ruwan gwaji

Auna ekstirak 20 mg ka narka a 1 mL na DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, ka samu 20 mg/mL ke nan. In ka tsarma wannan sau 200 a cikin abincin ƙwaya zai ba ka 100 µg/mL kuma DMSO ɗin da ke ciki kashi 0.5 ne, wanda shi ne iyakar da yawancin ƙwayoyi ke ɗauka, ƙasa da haka ma ya fi. Daga 100 sai ka riƙa rabawa biyu: 50, 25, 12.5, 6.25, 3.125. Tace da filtar sirinji ta 0.22 µm bayan ka tsarma a abincin, don tsantsar DMSO tana cin wasu filtocin.

Gargaɗi: in abin bai narke ba yana gudaji-gudaji to ƙarfin da ka rubuta ƙarya ne. Kuma sa safar hannu, DMSO tana ratsa fata ta shige da duk abin da ke cikinta.

8. Ƙirga da shuka a faranti

Ɗaga ƙwayoyin, haɗa su daidai wa daida da rinin tirifan bulu, ɗiga a himosaitomita, gilashin ƙirga ƙwaya a madubi, ka ƙirga manyan murabba'ai huɗu na kusurwa, masu shuɗi matattu ne, in rayayyu ba su kai kashi 90 ba ka ɗaga gwajin zuwa wani lokaci. Lissafin shi ne matsakaicin ƙirgan sau 2 sau 10,000. A ce matsakaici 50 ne, kana da miliyan ɗaya a kowace mL. Kana son 5,000 a kowane rami cikin 100 µL, wato 50,000 a mL, sai ka ɗebi 0.5 mL ka zuba a 9.5 mL na abinci. Yawanci tsakanin 5,000 da 10,000 ake sawa, masu saurin yaɗuwa irin HeLa a rage musu.

Ramukan gefe guda 36 kar ka sa ƙwaya, cika su da PBS, don ruwansu ya fi saurin ƙafewa balle a yanayinmu, ka yi aiki da 60 na ciki. Kana zubawa kana juya tulun ƙwayar, in ba haka ba za su kwanta a ƙasa wasu ramukan su samu kaɗan wasu su cika. Mayar inkubeta awa 24 su kama ƙasa.

9. Zuba ekstirak da kwantirol

Zuƙe tsohon ruwan a hankali ta gefen rami ba tare da ka karce ƙasa ba, zuba 100 µL na kowane ƙarfi a rami uku-uku. In kuma a kan tsohon ruwan za ka ƙara to ka haɗa ninki biyu na ƙarfin da kake so, wannan kuskuren yana cin mutane da yawa, su rubuta 100 alhali 50 ce a ramin. Zana taswirar farantin a littafi kafin ka taɓa fifet.

Kwantirol, wato ramukan da ake kwatanta sakamako da su, huɗu ne kuma ba wanda ake yafewa. Ƙwaya da abinci zalla. Ƙwaya da DMSO daidai adadin da ke cikin ekstirak mafi ƙarfi. Ƙwaya da maganin kansa na asibiti, galibi doxorubicin, don a ga farantin yana amsawa yadda ya kamata. Sai na huɗun da aka fi mantawa, ekstirak a kowane ƙarfi cikin abinci ba ƙwaya ko ɗaya. A bar shi awa 48 ko 72, kuma kafin mataki na gaba ka leƙa a madubi ka ɗauki hoto, ƙwayar da ta mutu tana dunƙulewa ta saki ƙasa ta taso.

Gargaɗi: doxorubicin guba ce ta gaske, safa biyu, kuma shararta daban ake tarawa.

10. Gwajin MTT

MTT gari ne rawaya, ana narka 5 mg a kowace mL ta PBS a tace a naɗe kwalbar da takardar alminiyam don haske na lalata shi. Rayayyar ƙwaya tana mayar da shi wasu ƙananan duwatsu masu launin shanshanbale, matacciya ba ta iyawa, shi ke nan sirrin gwajin. Zuƙe ruwan ekstirak, wanke da PBS sau ɗaya, zuba sabon abinci 100 µL da MTT 10 µL, mayar inkubeta awa 3 zuwa 4. Zuƙe ruwan a hankali ka bar duwatsun, zuba DMSO 100 µL, girgiza minti 10 zuwa 15 a duhu har su narke, fasa kumfa in akwai, karanta a 570 nm.

Yanzu ga inda tsirranmu ke yaudarar mutane. Irin su bagaruwa da marke da sabara cike suke da tanin da danginsa, waɗannan sinadaran da kansu suna iya juya MTT ya yi launi ko babu ƙwaya a ramin, sai injin ya nuna maka wai ƙwayoyi na nan da rai, wani lokaci har sama da kashi 100, alhali a madubi ka ga sun mutu. Wani ekstirak ɗin kuma launinsa ne mai duhu yake ƙara lamba. Wanke da PBS da ramukan nan marasa ƙwaya su ne za su tona wannan. In ramin da ba ƙwaya ya yi launi, bar MTT ka koma rinin SRB, shi furotin ɗin ƙwaya yake rinawa bayan an kafe ta da asid ɗin TCA an wanke komai, don haka tanin bai cika dagula shi ba, kuma ba ya da tsada.

11. Lissafi da fassara

Cire lambar ramin da ba ƙwaya daga kowace lamba, raba ta ekstirak da ta kwantirol ɗin DMSO, sau 100, ka samu kason da ya rayu. Zuba a manhajar GraphPad Prism ko makamanciyarta ka zana lanƙwasar, ta ba ka IC50, wato ƙarfin da ya rage ƙwayoyin da rabi. In a 100 µg/mL ba a kai rabi ba rubuta kawai IC50 ya haura 100, kar ka ja layi ka ƙirƙiro lambar da ba ka gwada ba. Ma'aunin da aka fi kafa hujja da shi na cibiyar kansa ta Amurka ne, NCI, ɗanyen ekstirak ya zama 20 µg/mL ko ƙasa, wasu na sassautawa zuwa 30, tsantsar sinadari kuma 4 µg/mL. Wanda sai a 500 ko 1000 ya kashe ƙwaya ba abin da ya nuna.

Sai ka raba IC50 na lafiyayyar ƙwaya da na ƙwayar kansa. A ce MCF-7 ta ba ka 15 Vero ta ba ka 18, ka samu 1.2, wannan guba ce mai kashe kowa. In Vero 90 ce ka samu 6, to nan akwai magana, yawancin masu bincike daga 2 ko 3 zuwa sama suke fara kallon abu. Tumfafiya misali ce mai kyau, tana da sinadarai masu taɓa zuciya da ke kashe ƙwayoyin mutum a ɗan ƙaramin ƙarfi, IC50 ɗinta zai burge ka amma wannan bai mayar da ita abin sha ba.

Gargaɗi: rami uku a faranti ɗaya gwaji ɗaya ne. Sai ka maimaita duka sau uku a ranaku daban da sabon haɗi kafin ka fitar da matsakaici. In kuma aika ekstirak ɗin ka yi wata lab aka yi maka, kar ka karɓi IC50 tsurarta, nemi ɗanyun lambobin injin da taswirar faranti da sunan ƙwaya da sakamakon kwantirol duka huɗu.

12. In ya yi kyau, sai me?

Sai rarrabawa. Narka ekstirak a ruwa ka wanke shi a mazurarin rabewa da heksen, sannan kulorofom ko DCM, sannan etil asitet, sannan butanol, ka busar da kowanne ka sake gwada su a ƙwayar da ta fi amsawa, wanda ya fi ƙarfi shi za a bi da kolum, bututun rarrabe sinadarai, har a ware sinadarin a gano shi da injinan NMR da MS. A gefe guda a duba yadda ƙwayar ke mutuwa, rinin AO/EB yana da arha in akwai madubi mai fitilar fuloresen, Annexin V kuma sai inda ke da injin fulo saitomita. Gwajin ɓera yana zuwa ne bayan wannan kuma sai da izinin kwamitin ɗa'a na makarantarku. A haka vincristine da paclitaxel suka bi, daga tsiro suka fito amma sai da aka ware su aka auna aka gwada shekara da shekaru kafin su isa jikin majinyaci.

Wajen rubutawa ka tsaya a abin da ka gani: ekstirak kaza ya rage rayuwar ƙwayar kaza a faranti da IC50 kaza cikin awa kaza, lafiyayyar ƙwaya kuma kaza. Ban da kalmar warkarwa a take ko a hira da 'yan jarida ko a Facebook, don akwai mai ƙullutu a mama da za ta karanta ta fasa zuwa asibiti ta koma shan jiƙo. In mai maganin da ya nuna maka tsiron ya tambayi sakamako ka koma ka faɗa masa yadda yake, har da lambar Vero. Ragowar ekstirak ɗin kuma a raba shi ƙananan kwalabe a sa a firiza ta digiri 20 ƙasa da sifili da lambar shaidar tsiron a jikin kowace, masu duba mujalla sukan ce a sake wani gwajin bayan wata shida.